Ina son ƙara wa kwamfutata gudu, daga ina ake farawa?

Dan_Pantami:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A yi haƙuri idan an taɓa amsa irin tambayar nan, ni sabon shiga ne. Sana'ata haɗa bidiyon biki da suna da walima a nan Gombe, kuma wata biyu ke nan da na ajiye laftof na haɗa kwamfutar tebur. Ga abin da ke cikinta: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 3600, bod (babban allon da komai ke haɗe a kansa) B450, RAM guda biyu 8GB kowanne, an rubuta 3200 a jikinsu, katin girafik GTX 1660 Super. Fankar furosesan kuma wadda ta zo a kwalinsa ce.

Bidiyon awa ɗaya sai ya ci mini kusan minti 40 kafin ya fita daga Premiere Pro. Idan lokacin bukukuwa ya zo, sai in tara aiki uku a hannu, dangin amarya na kira, na ango na kira. Na ga wasu a YouTube suna shiga BIOS, wato shafin saitin bod, su ɗaga gudun furosesansu zuwa 4.3 ko 4.4GHz, abin da suke ce wa obakulok. Ina so in gwada amma gabana na faɗuwa, domin tarin shekara guda ne a cikin akwatin nan. Daga ina ake farawa? Kuma da gaske ne yana ƙona furosesa?

Bolari_Gyara:
Wa'alaikumus salam. Shawarata ɗaya ce: kar ka taɓa. Abin da kake cin abinci da shi ba a gwaji da shi. An sha kawo mini bod shago ya mutu murus, in ka bi diddigi sai ka tarar mai shi ya shiga BIOS ya murɗa abin da bai sani ba.

Injiniya_Bajoga:
Ƙanena, kafin mu yi maganar furosesa, yi mini abu biyu. Buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna Memory, ka faɗa mana lambar da ke gaban Speed. Sannan ka buɗe murfin akwatin ka duba, a waɗanne ramuka aka soka RAM ɗin nan biyu?

Dan_Pantami:
Injiniya na duba. 2133 aka rubuta. Ramukan guda huɗu ne, kuma RAM ɗin suna cikin biyun farko da ke kusa da fanka, suna manne da juna. Ke nan jabu aka sayar mini? Don 3200 na biya kuɗinsa.

Injiniya_Bajoga:
Ba jabu ba ne, kwantar da hankalinka. Haka yawancin DDR4 suke tashi idan ba a ce musu komai ba, a 2133 ko 2400 ko 2666, da wuta bolt 1.2. Wancan 3200 da ke jikin sitika yana cikin wani saiti ne da kamfanin ya ajiye a cikin RAM ɗin, sunansa XMP, kuma sai ka kunna shi da hannunka. Intel ce ta fito da tsarin. A bod ɗin MSI na AMD za ka gan shi da sunan A-XMP, a na ASUS kuma DOCP. Da ka kunna, bod zai ɗaga gudun zuwa 3200, wutar ta koma 1.35. Kuma ita kanta AMD a takardun Ryzen 5 3600 ta rubuta cewa yana ɗaukar DDR4 3200, don haka ba ka ƙetare iyakar furosesanka ba.

Na biyun ya fi damuna. A bod mai ramuka huɗu, idan ka jera RAM biyu a ramuka biyun farko kamar naka, duka suna bin hanya ɗaya ne zuwa furosesa, alhali hanyoyi biyu gare shi. Kamar titi mai hannu biyu ne aka toshe ɗaya, kowa ya koma bin guda. Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga soket, ka mayar da su rami na biyu da na huɗu idan ka fara ƙirga daga wajen furosesa. A jikin bod za ka ga an rubuta A2 da B2. Wata biyu kana aiki da rabin hanya da kuma gudun da bai kai wanda ka biya ba. Gyara wannan tukuna.

Wunti_Gamer:
Gaisuwa daga Bauchi. Maganar Injiniya haka take. Ƙari kawai, idan ka kunna XMP ka buɗe manhajar CPU-Z mai nuna bayanan kayan kwamfuta ka ga 1600, kar ka tsorata. Rabi yake nunawa, domin DDR sau biyu yake aika bayanai a kowane bugu. 1600 shi ne 3200.

Amma ni ban yarda da Oga Bolari ba. Shekara uku ke nan nawa Ryzen 3600 ɗin yana kan 4.2GHz a duka ƙwayoyinsa shida, wato sassan da ke yin aikin a cikinsa, wuta 1.28, bai taɓa ba ni matsala ba. Lissafin ma ba wuya: akwai agogon tushe mai 100MHz, akwai lambar da ake ninka shi da ita. Ka sa 42, ka samu 4.2GHz. Ana hawa ne kaɗan-kaɗan, ka ƙara, ka gwada, ka ƙara, ka gwada.

Adda_Tumfure:
Wunti_Gamer, don Allah faɗa masa wace irin fanka kake da ita, da kuma yanayin ɗakin da kwamfutar take. In ba haka ba zai kwafi lambobinka ya saka a tasa.

Wunti_Gamer:
Gaskiya ne Adda. Tawa babbar fanka ce mai bututun tagulla huɗu, daban na saye ta. Ɗakin kuma akwai AC, kodayake ba kullum ake kunnawa ba.

Adda_Tumfure:
To ka gani. Dan_Pantami, nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Fankar furosesa ba ƙanƙara take yi ba, iskar ɗakinka take ja ta busa wa ƙarfen. Mutumin da ka kalla a YouTube wataƙila yana zaune ne a Jamus ko Kanada, ɗakinsa digiri 21 ko 22. Mu nan Gombe a watan Maris da Afrilu zafin waje yana kaiwa digiri 40, shago mai rufin kwano kuma da rana tsaka ka san yadda yake. Idan ɗakinka ya fi nasa zafi da digiri 15, furosesanka ma zai fi nasa da kusan haka, ko da kayanku iri ɗaya ne sak. Shi ya ga 75, kai ka ga 90. Iyakar da AMD ta sa wa 3600 kuwa 95 ce.

Sannan fankar kwalin nan, Wraith Stealth, an yi ta ne daidai furosesa mai wat 65 yana aikinsa yadda ya fito daga kamfani. Babu wani rarar da ta bari. Kuma zafi ba ya hawa daidai da wutar da ka ƙara, ya fi ta sauri, domin ninkin wutar da kanta ake lissafawa. Daga 1.2 zuwa 1.35 ka ga kamar ɗan abu ne, amma zafin zai ƙaru da fiye da kashi 25 cikin ɗari, tun ba a sa ƙarin gudun a lissafi ba.

Sai ka tambayi kanka me za ka samu. Wannan furosesan da kansa yake hawa har 4.2 idan aikin bai da nauyi, idan kuma duka ƙwayoyin na aiki yakan zauna kusa da 4.0 in ya samu sanyi. Ka ɗaure shi a 4.2, ƙarin bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. A minti 40 ɗinka, minti biyu ke nan. Ni ina koyar da yara haɗa kwamfuta, kuma abin da nake fara sa su shi ne su sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafi, su kunna Cinebench R23, wadda ke ɗora wa furosesa nauyi ta ba shi maki, na minti goma, su rubuta makin da zafin a takarda kafin su canza komai. Wanda bai san inda ya taso ba ba zai gane ko ya ci gaba ba.

Baba_Herwagana:
Allah Ya yi miki albarka Adda. Ku bari in ba ku labarin da, don ku san daga ina wannan sha'awar ta fito. A 1998 Intel ta fitar da Celeron 300A, mai gudun 300MHz. Mutane suka gano cewa idan ka ɗaga agogon bod daga 66 zuwa 100, sai ya koma 450MHz. Ƙarin rabi cur, kuma da arha ka kamo Pentium II mai tsada. A 2011 kuma aka yi i5-2500K, ya fito a 3.3GHz, mutane da yawa suka kai shi 4.5 da fanka mai kyau kawai. Ni da kaina na riƙe ɗaya shekara da shekaru a shagon buga takardu.

Wancan zamanin kamfanoni suna barin gona da yawa ba a nome ba, kai kake zuwa ka nome. Na yanzu kuwa da na'urorin auna zafi da wuta a cikinsu, su da kansu suke hawa iyakar abin da za su iya, su sauka idan sun ji zafi. Shi ya sa riba ta ragu. Ban ce kar yaro ya koya ba, ilimi ne, kuma ta nan muka san cikin kwamfuta. Amma ya san cewa ba zai ga abin da muka gani ba.

Dalibi_Kashere:
Salam. Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ina da HP EliteDesk ta hannu, irin ta ofis, Core i5 ce. Na shiga BIOS na duba ko'ina ban ga wurin ƙara gudu ba, ban ga XMP ba. Akwai wata manhaja da zan sauke?

Bolari_Gyara:
Babu, ɗalibi. Irin waɗannan na ofis, HP ne ko Dell OptiPlex, a kulle BIOS ɗinsu yake zuwa. A ɓangaren Intel ma ko haɗa ta ka yi da kanka, sai furosesan yana da harafin K a ƙarshen lambarsa, kamar 4790K ko 12600K, sannan bod ya zama mai Z, kamar Z97 ko Z690. Duk manhajar da ta ce za ta buɗe maka wannan, guje ta, ƙwayar cuta za ka kwaso. In har yanzu tsohon hard disk ne a ciki, sa mata SSD, sabuwar ma'ajiya mai sauri, ka ƙara RAM ya zama biyu masu girma ɗaya. Za ka ji kamar sabuwa ka saya.

Injiniya_Bajoga:
Ƙaramin gyara ga masu karatu: daga B560 zuwa sama Intel ta bar a ɗaga gudun RAM ko da bod ba Z ba ne. Furosesan ne dai har yanzu sai K da Z. A AMD kuma B450 da B550 da X570 duk suna bari, A320 da A520 ne ba sa barin a ninka gudun furosesa.

Hamma_Kumo:
Duk kuna ta maganar zafi, babu wanda ya taɓo wuta. Dan_Pantami, wane irin fawa fak, wato abin da ke raba wa kayan wuta, ne a cikin akwatinka, kuma da me kake kunna kwamfutar idan an ɗauke wuta? Ni abin da ya same ni bara ba obakulok ba ne ya jawo. Fawa fak mara suna na saka, irin mai sauƙin nauyi kamar gwangwanin madara, an rubuta wat 650 a jiki. Ina kan ƙaramin janareto, sai maƙwabcin shagona ya jona dutsen guga a layin. Injin ya yi ƙara ya nutse, ya dawo da ƙarfi, sai na ji tas, da warin ƙonewa. Fawa fak ya tafi, ya tafi da bod. Wata huɗu ban yi aiki ba.

Idan ka ɗaga furosesa wuta zai ƙara ja, to ka tabbata abin da ke ba shi wutar na kirki ne. Kuma ko da wasa kar ka sabunta BIOS ba tare da UPS ko inbata ba. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta shi, bod na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Dan_Pantami:
Subhanallahi, Allah Ya mayar da alheri Hamma. Nawa mai wat 550 ne, na wani kamfani sananne, da tambarin 80 Plus Bronze. Ina da ƙaramin UPS da ke riƙe ni kamar minti goma.

Na yi abin da Injiniya ya ce. Na mayar da RAM rami na biyu da na huɗu, na kunna A-XMP. Da na ajiye saitin sai fankoki suka yi ta juyawa allo baƙi ƙirin, ta mutu ta sake tashi har sau biyu. Wallahi hannuna har rawa yake. A karo na uku sai ga Windows. Yanzu Task Manager yana nuna 3200.

Injiniya_Bajoga:
Madalla. Wancan mutuwa da tashin ba matsala ba ne, bod ne yake daidaita kansa da sabon gudun. Amma tunda ka shiga wannan harka, koyi hanyar dawowa tun yanzu. Duk ranar da ka canza wani abu allo ya ƙi kawowa sam, zare wayar wuta, ka ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin bod, CR2032, ka jira minti biyar ka mayar. BIOS zai koma yadda ya fito. A MSI akwai kuma ƙusoshi biyu da aka rubuta JBAT1, ka haɗa su da bakin sukundireba na 'yan daƙiƙu, kwamfuta a kashe. Da yawan bod ɗin da ake cewa sun mutu, wannan kawai suke jira.

Bolari_Gyara:
Injiniya na karɓi wannan, wasu batirin kawai nake cirewa su tashi. Amma ba duka ba. Na ga wanda ya rubuta 1.5 a wurin wutar furosesa saboda ya ga manhaja tana nuna kusan haka, ya bar shi a kai dare da rana. Bayan 'yan watanni ko a gudunsa na asali ya daina tsayawa.

Adda_Tumfure:
Wannan kuskuren yana da yawa. Ryzen yakan taɓa 1.4 zuwa sama na ɗan lokaci idan aiki mara nauyi yake yi, da nauyi ya hau sai ya sauke da kansa. Idan ka rubuta lambar da hannu ka cire masa wannan dabarar. Kuma lalacewar ba lallai ta zo da hayaƙi ba, a hankali take cin sa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2024 Intel ta amsa cewa wutar da ta yi yawa tana lalata wasu furosesoshinta na zubi na 13 da na 14, ta fitar da gyara ta hanyar BIOS, ta kuma ƙara musu garantin shekara biyu. Waɗannan ma masu su ba su taɓa komai ba.

Idan dole sai ka ƙara wani abu, saitin AMD da ake kira PBO ya fi maka sauƙin haɗari. Shi sassauta wa furosesa iyakar wutar da aka yanka masa yake yi, wat 88 a naka, amma ya bar shi yana kula da kansa. Sai dai ka sani AMD ta ce garantinta bai shafi ɓarnar da ƙarin gudu ya jawo ba, har da PBO ɗin.

MaiHoto_Jekadafari:
Abokin sana'a, ni RAM ɗin nan nake so in ja maka kunne a kai. Tashin Windows ba shi ne shaidar lafiya ba. Na taɓa haɗa RAM biyu na kamfanoni daban-daban, na tura gudunsu zuwa 3600, komai na tafiya lafiya a ido. Ashe yana ɓata bayanai a ɓoye. Na kwafe hotunan wani ɗaurin aure daga kati zuwa kwamfuta, na goge katin. Da na zo gyara sai na tarar wasu hotunan rabinsu toka-toka, wasu sun ƙi buɗewa, har da na lokacin da uban amarya yake yi mata nasiha tana kuka. Ba a maimaita wannan. Har gida na je na ba da haƙuri, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Saka MemTest86, manhajar gwada lafiyar RAM, a filas, ka tayar da kwamfutar daga kansa, ka bar shi ya yi zagaye huɗu. Kuskure ko ɗaya ne, ba a yarda ba. Kuma kar ka goge katin kyamara sai ka miƙa aiki.

Wani abu kuma, a Premiere wajen fitar da bidiyo, Software Encoding kake zaɓa ko Hardware Encoding? Katinka yana da wani ɓangare na musamman don wannan aikin, NVENC, kuma tun 2020 Premiere take amfani da shi.

Dan_Pantami:
Software yake kai, ban taɓa lura da wurin ba. Yau da dare zan bar MemTest86 ɗin, in an bar mana wuta.

Wunti_Gamer:
In ya wuce gwajin, ni dai ina ganin ka gwada ɗaga gudun RAM ɗin zuwa 3600. A Ryzen 3000 akwai hanyar da ke haɗa sassan furosesa, Infinity Fabric, kuma tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da RAM. RAM a 3600, ita a 1800. Nan ne mutane da yawa suke tsayawa, kuma a wasanni ana jin bambancin.

Hamma_Kumo:
Shi ba wasa yake yi da ita ba ai. Ku kuma tuna hunturu na tafe. Ƙurar Disamba da Janairu in ta shiga tsakanin haƙoran ƙarfen fanka sai ta zama kamar auduga. Duk sati biyu nake fitar da tawa waje in busa da bulowa, ina riƙe fankar da yatsa don kar ta yi ta juyawa. Kuma a ɗaga akwatin daga ƙasa.

Dan_Pantami:
Barkanmu da safiya. Ga sakamako. MemTest86 ya gama zagaye huɗu, babu kuskure. Na sake fitar da bidiyon nan na awa ɗaya: da gyaran RAM kaɗai ya sauko minti 35, da na zaɓi Hardware Encoding kuma ya fita a minti 17. Na kalle shi daga farko har ƙarshe ban ga inda ya lalace ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Sai dai zafin. A Cinebench, da ƙarfe goma na dare, HWiNFO64 ya nuna mini digiri 88, ban taɓa komai a furosesan ba. Kuma gaskiya har yanzu ina son in koyi ɗaga shi, ko don in san yadda abin yake. In sayi babbar fanka in gwada 4.2 ɗin, ko in kunna PBO, ko in bi ta 3600 a RAM?

Bolari_Gyara:
88 da dare? Kawo ta a canza man da ke tsakanin furosesa da fanka, a duba ko ƙusoshin huɗun sun ɗauru daidai. Fanka kuma ka saya ko ba za ka ɗaga komai ba.

Wunti_Gamer:
Sayi fankar, sannan ka fara daga 4.0 da wuta 1.2, kana ƙara 25MHz kana gwadawa da manhajar gwaji ta OCCT. Zan zauna da kai a waya in kana so.

Adda_Tumfure:
Ni ban goyi bayan lambar hannu a kwamfutar sana'a ba, na riga na faɗi dalilina. Amma kafin kowa ya yanke, ina son ganin zafin rana. Kunna Cinebench da ƙarfe uku na yamma, ƙofar shago yadda ka saba barinta, murfin akwati a rufe, ka turo hoton HWiNFO64 da ke nuna zafi da gudun kowace ƙwaya.

Dan_Pantami:
To Adda. Yanzu babu wuta, kuma ba na son yin gwajin a kan janareto bayan labarin Hamma. Da an kawo zan yi in turo. Oga Bolari, akwai irin man da za ka ce in nema, ko duk ɗaya ne?